ASIBITIN TAFI-DA-GIDANKA: WA ZAI BIYA KUƊIN TAFIYA?



Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kai yau shi ne asibitin tafi-da-gidanka, watau asibitin da akan ɗora wa mota, ko jirgin ƙasa, ko jirgin ruwa, ko na sama, a kai shi ga mutanen da ke nesa da likita a ƙasashe daban-daban na duniya. Za mu duba inda kuɗinsa ke fitowa, da kuma yadda ake kai shi inda ake bukata.

Mai yiwuwa ne wani ya ce ina ruwan ɗalibin tarihi ko na lissafi da wannan magana, ai ta likitoci ce. Amsarmu ita ce, cikin waɗanda ke zaune a ɗakin nan akwai waɗanda gobe, in Allah ya yarda, za su zauna a ma'aikatar kuɗi, ko ta lafiya, ko a ƙungiyoyin agaji, wasu ma sun riga sun kama aiki. A teburinsu za a ajiye takardar da ke cewa wata ƙasa ko wani kamfani zai ba da kyautar motar asibiti, ko kuwa ana neman gudummawa a aika da ita wata ƙasa da bala'i ya afka wa. Hannun da za su sa a kan wannan takarda shi zai yanke ko motar za ta yi shekara goma tana ceton rai, ko kuwa za ta yi wata shida ta koma mazaunin kaji a bayan ofis.

Abin da muke so mu tabbatar a wannan jawabi guda ɗaya ne. Sayen motar shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Wuyar tana ga riƙonta shekara bayan shekara, da kuma abin da za ta bari a ƙauye bayan ta tashi.

DALILIN TAFIYA

A watan Satumba na 1978 aka yi wani babban taro a birnin Alma-Ata na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, wanda yau ake kira Almaty a ƙasar Kazakistan. Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ne suka kira shi, ƙasashe 134 kuma suka halarta. A can aka amince cewa kula da lafiya haƙƙin kowane ɗan Adam ne, kuma ya kamata a kusantar da ita ga inda mutane ke zaune da inda suke neman abincinsu. Aka ɗiba wa duniya wa'adin shekara ta 2000 don cika wannan buri. Shekarar ta zo ta wuce, burin bai cika ba, har yau kuwa akwai makiyaya, da masunta, da mazauna tsibirai da duwatsu, waɗanda tsakaninsu da asibiti mafi kusa tafiyar yini ce ko fiye. Gina asibiti a kowace ruga da kowace tunga ba zai yiwu ba. Saboda haka tunanin ɗaukar asibiti a kai musu tunani ne na hankali, ba mu zo nan don mu rushe shi ba.

Amma fa sai mu rarrabe tsakanin cutar da baƙon likita zai iya yi wa magani da wadda ba zai iya ba. Alal misali, yanar ido ita ce babbar mai jawo makanta a duniya, aikinta kuwa bai cika kai rabin sa'a ba, kashegari a kwance wa tsohuwa bandeji ta ga jikokinta. Haka nan ɗinke tsagaggen leɓe, da cire ruɓaɓɓen haƙori, da gwada ido a ba da tabarau. Waɗannan duka aiki ne na sau ɗaya, likita mai wucewa zai iya yinsu. To, amma naƙuda ba ta jiran ranar zuwan mota. Mai tarin fuka a bisa al'ada sai ya yi wata shida yana shan magani ba fashi. Mai ciwon sukari da mai hawan jini har iyakar ransu suna bukatar magani da awo. Ko allurar rigakafin jarirai ma, a ƙasashe da yawa na Afirka ana yinta ne a mako na 6, da na 10, da na 14, sa'an nan ta ƙyanda a wata na 9. Motar da ta zo sau ɗaya ta yi allurar farko ba ta sake dawowa ba, ta fara aiki ne ba ta gama ba. Ke nan asibitin tafi-da-gidanka yana da amfani gwargwadon yadda mutane suka san ranar dawowarsa, dawowa kuwa kuɗi take ci.

JIRGIN DA AKA SAMU KYAUTA

Bari mu fara da labarin wani jirgin ruwa, domin shi ne zai fi fito mana da wannan magana fili. A 1958 wani likita Ba'amurke mai suna William Walsh, wanda ya yi aiki da sojan ruwa a yaƙin duniya na biyu, ya kafa ƙungiyar Project HOPE. Ya shawo kan Shugaba Eisenhower aka ba shi wani tsohon jirgin asibiti na sojan ruwa, aka gyara shi, aka sa masa suna Hope. A 1960 jirgin ya tashi daga San Francisco zuwa Indunusiya da Biyetnam ta Kudu. Cikin shekaru 14 ya yi tafiya 11, har da zuwansa Gini a 1964, daga baya kuma Tunisiya da Burazil. Ya yi suna ƙwarai, an yi wa dubban mutane aiki a cikinsa.

To, a 1974 sai aka ajiye shi. Jirgin ya tsufa, kuɗin tafiyar da shi ya yi nauyi, ga shi kuma lokacin ya zo daidai da tashin farashin mai a duniya. Jirgin da aka samu kusan kyauta, mai da albashin matuƙa da gyaran inji suka gagari masu shi. Akwai kuma wata illar da ba ta kuɗi ba: jirgin ruwa ba ya wuce gaɓar teku, alhali mafi yawan mabukata suna can cikin ƙasa.

Abin lura a nan shi ne ƙungiyar ba ta mutu da mutuwar jirgin ba. Tun farko Walsh ya shimfiɗa ƙa'ida cewa ma'aikatan jirgin su riƙa aiki tare da takwarorinsu 'yan ƙasa suna koya musu. Da jirgin ya tsaya, sai ƙungiyar ta koma aikin koyarwa a tudu. Ashe ilimin da aka bari a hannun 'yan ƙasa shi ne ya fi ƙarfen jirgin daɗewa.

KUƊI IRI UKU

Daga wannan labari za mu gane cewa kuɗin da asibitin tafi-da-gidanka ke bukata iri uku ne. Na farko kuɗin saye, watau motar da kayan aikinta. Na biyu kuɗin yau da kullum: mai, da taya, da kayan gyara, da magani, da albashin direba da nas da likita, da kuɗin kwanansu a hanya. Na uku kuɗin bin sawu, watau na kai wanda cutarsa ta fi ƙarfin mota zuwa babban asibiti, da na komowa a duba wanda aka yi wa aiki.

Mai bayarwa kuwa, ko gwamnati ce ko kamfani, ya fi son na farko, kuma dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Mota ana rubuta suna a jikinta, ana yanka mata kintinkiri, ana ɗaukar hotonta a sa a jarida. Ba wanda ke ɗaukar hoton jarkar mai, ba kuma wanda ke kiran 'yan jarida ranar da aka biya direba albashinsa. Saboda haka akan sami kuɗin farko cikin sauƙi, a bar na biyu da na uku ga ma'aikatar lafiyar ƙasar da aka ba kyautar, wadda sau da yawa ko asibitocinta na girke ba ta gama riƙewa ba. Duk wanda ya karɓi kyautar doki bai tanadi dawa da ingirici ba, ai wahala ya karɓo.

Waɗanda suka daɗe a wannan aiki su ne waɗanda suka warware matsalar kuɗi na biyu tun kafin su tashi. Ga misali daga Ostireliya, ƙasar da tsakiyarta ke da faɗi ƙwarai, mutanenta kuma a warwatse. A 1928 wani limamin Kirista mai suna John Flynn ya fara aikin likita mai yawo a jirgin sama daga garin Cloncurry na jihar Queensland. Flynn bai sayi jirgi ba. Haya ya ɗauka daga kamfanin Qantas, ana biyan sule biyu a kan kowane mil da aka yi. Watau ya bar wa masu sana'ar jirgi ɗawainiyar jirgi, shi kuwa ya tsaya kan aikin likita. Bayan shekara ɗaya wani injiniya mai suna Alfred Traeger ya ƙera rediyon da ake ba wuta ta hanyar murza feda da ƙafa kamar keke, aka rarraba shi ga gidajen daji, ya zama ana iya kiran likita a faɗa masa halin da ake ciki. Daga baya kuma aka riƙa ajiye akwatunan magani a waɗannan gidaje, kowane magani da lambarsa, likita ya faɗi lamba ta rediyo, mutanen gida su ɗauko su ba majiyyaci. Ku duba, jama'a, ko ranar da jirgi bai zo ba, akwai abin da ya rage a wurin: rediyo, da akwati, da mutumin da ya san yadda ake amfani da su. Sannu a hankali gwamnati ta shigo da kuɗinta tare da gudummawar jama'a, aikin kuma yana nan har yau.

JIRAGEN ƘASA BIYU

Yanzu sai mu juya ga ƙasashe biyu da suka ɗora asibiti a kan dogo, Indiya da Afirka ta Kudu, domin su ne suka fi nuna yadda ake raba nauyi.

A ranar 16 ga watan Yuli na 1991 jirgin asibiti mai suna Lifeline Express ya fara aiki a Indiya da tarago uku. Gidauniyar Impact India ce ta kawo shawarar, hukumar jiragen ƙasa ta Indiya ta ba da taragan, ma'aikatar lafiya ta ƙasar kuma ta shiga ciki. Jirgin kan tsaya a tashar wata gunduma kamar mako uku, a yi aikin yanar ido, da na kunne, da na tsagaggen leɓe, da gyaran ƙafar waɗanda shan-inna ta naƙasa. Daga baya aka ƙara taragai har suka kai bakwai, aka kuma shigo da binciken ciwon daji. Yadda aka tsara kuɗinsa shi ne abin koyi. Dogo da injin ja da gyaran tarago suna wuyan hukumar jiragen ƙasa, wadda dama sana'arta ke nan. Likitoci da yawa sukan ba da lokacinsu kyauta. Kowane zango kuma akan sami wani kamfani ko wata gidauniya ta ɗauki nauyinsa. Hukumar gunduma ita ke shelanta wa jama'a, ta tanadi wurin da majiyyata za su kwanta kafin aiki da bayansa. Ba a ɗora wa mutum ɗaya jinka ba, kowa kuma aka ba shi gefen da ya iya ɗauka.

A Afirka ta Kudu kuwa, a 1994, shekarar da aka yi zaɓen farko na kowa da kowa bayan mulkin wariyar launin fata, aka fara jirgin Phelophepa. Sunan daga harsunan Sotho da Tswana aka samo shi, ma'anarsa lafiya mai kyau mai tsabta. Shi ma da tarago uku ya fara, yana aikin ido kaɗai, ya yi ta girma har ya kai tarago 18, a 2012 kuma aka ƙara jirgi na biyu. Kamfanin sufuri na gwamnati, Transnet, shi ne mai jirgin kuma shi ke ɗaukar babban nauyinsa, kamfanin magunguna na Roche kuwa ya daɗe yana tallafa masa tun daga farkonsa. Jirgin kan yi mako ɗaya ko biyu a kowace tasha. Ana karɓar ɗan kuɗi kaɗan a kan tabarau da magani, ba don ya biya tsadar aikin ba.

Akwai abubuwa biyu game da Phelophepa da ya kamata mu ɗalibai mu riƙe. Na farko, cikin masu aiki a jirgin akwai ɗaliban ajin ƙarshe na jami'o'in ƙasar, masu koyon aikin ido, da haƙori, da haɗa magani, da jinya, suna zuwa bi da bi a ƙarƙashin ƙwararru. Jirgin ya sami hannuwa, su kuma sun ga ƙauyen da watakila da ba su taɓa gani ba. Na biyu, a kowace tasha akan zaɓi wasu 'yan gari a koya musu abubuwan farko na kiwon lafiya, don su ci gaba da wayar da kan jama'a bayan jirgi ya wuce. Duk da haka ba mu ce jirgin ya warware matsala ba. Mutane sukan kwana a tasha suna jiran layi, wasu kuma jirgin kan tashi bai kai kansu ba. Tsawon layin nan shaida ne cewa asibitin girke da ya kamata a ce yana garin ko dai babu shi, ko kuwa bai wadatar ba.

IDAN KUƊI YA YANKE

Mun ga waɗanda suka riƙe aikin. Saura mu ga abin da ke faruwa idan aka sake shi, kuma misalin da za mu kawo daga maƙwabciyarmu Kamaru ya faro.

Ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya yi wa tsakiyar Afirka mummunar ɓarna a farkon ƙarni na 20. Wani likitan sojan Faransa mai suna Eugène Jamot ya ga cewa jiran majiyyaci a asibiti ba zai yi ba, domin kafin mai ciwon ya zo da kansa cutar ta riga ta kai ƙwaƙwalwa, ƙuda kuma ya riga ya ɗauka daga jikinsa ya kai wa wasu. A 1926 aka ba shi ragamar yaƙi da cutar a Kamaru, mazauninsa a garin Ayos. Ya horar da ma'aikata 'yan ƙasa, ya kasa su ƙungiya-ƙungiya, suna bin ƙauyuka a ƙafa da madubin likita. A tara mutanen gari kaf, a lalubi kaluluwar wuyan kowa, a duba jini, wanda aka samu da cutar a yi masa allura nan take. Wannan tsari ya bazu zuwa wasu ƙasashe, har ya zama a tsakiyar shekarun 1960 waɗanda ake samu da cutar a duk faɗin Afirka ba su kai 5,000 ba a shekara.

Da aka ga cuta ta yi sauƙi sai aka yi sakaci. Kuɗin ƙungiyoyin yawo ya ragu, yaƙe-yaƙe kuma suka hana shiga wasu yankuna. Cutar ta dawo da ƙarfinta a Kwango, da Angola, da kudancin Sudan. A 1998 an kai rahoton mutum kusan 40,000, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa akwai wajen 300,000 da ba a gano ba. Sai da aka sake farfaɗo da ƙungiyoyin yawo, kamfanonin magani kuma suka yarda su riƙa ba da maganin kyauta ta hannun Hukumar, sa'an nan adadin ya sauka ƙasa da 10,000 a 2009, ya kuma sauka ƙasa da 1,000 a 2018. Ƙudan tsando bai canza hali ba cikin waɗannan shekaru. Abin da ya canza shi ne kasafin kuɗi.

Gaskiya kuma ta wajabta mana mu faɗi ɗaya gefen labarin Jamot. Aikinsa a ƙarƙashin mulkin mallaka aka yi shi, tara mutane kuwa da tilas ne. Har ila yau, wajen 1928, a yankin Bafia, wani ƙaramin likita ya ƙara yawan maganin da ake yi wa mutane fiye da ƙa'ida, ɗaruruwan mutane suka makance. Wannan ya nuna mana haɗarin da ke tattare da likita mai wucewa: yana da iko a kan mutanen da ba su san shi ba, ba su kuma da wurin kai ƙara bayan ya tafi. Saboda haka duk ƙasar da za ta karɓi baƙin likitoci, haƙƙinta ne ta binciki takardunsu, ta ba su izinin aiki bisa dokarta, ta kuma sa a bar mata rajistar duk wanda aka yi wa magani.

KAYAN DA KE CIKIN MOTA

Kai asibiti wata ƙasa ba ya ƙarewa da saukar mota daga jirgin ruwa. Akwai kwastan, da kuɗin ajiya a tashar jirgi wanda ke hauhawa kowace rana. Akwai tambayar ko makanikan ƙasar sun san irin wannan inji, ko kuma ana samun kayan gyaransa a kasuwarsu. Babbar motar da aka ƙera don titin kwalta na Turai, in ta shiga yashi ko laka ta damina, sai a nemi shanu su jawo ta. Yawancin alluran rigakafi kuma dole a riƙe su cikin sanyi tsakanin digiri 2 da 8 tun daga masana'anta har zuwa hannun jariri. In firji ya mutu a hanya aka yi sakaci, abin da za a tsira wa yaro ba zai kare shi ba, uwarsa kuwa ta koma gida tana zaton an kare shi.

Maganin kyauta ma yana da tasa fitinar. A lokacin yaƙin Bosniya da jim kaɗan bayansa, tsakanin 1992 da 1996, an tura wa ƙasar magunguna da kayan asibiti masu ɗimbin yawa. Binciken da aka yi daga baya ya ƙiyasta cewa wajen tan 17,000 daga ciki ba su da amfani, wasu wa'adinsu ya wuce, wasu ba a iya gane ko mene ne, wasu kuma ba su dace da cututtukan wurin ba. Ƙasar da ke fama da yaƙi ta koma neman yadda za ta ƙone sharar da aka kira taimako. Irin wannan ne ya sa a 1996 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da manyan ƙungiyoyin agaji suka fitar da ƙa'idojin kyautar magani. Cikinsu akwai cewa a aiko da abin da mai karɓa ya nema, ya zama da sauran aƙalla shekara ɗaya kafin ya lalace a ranar da ya iso, rubutun jikinsa kuma ya kasance cikin harshen da ma'aikatan wurin ke karantawa. Ƙaramin ma'aikacin gwamnati da ya san waɗannan ƙa'idoji yana da hujjar da zai ce, cikin ladabi, mun gode amma ba mu karɓa ba.

DA ƊAN GARI KAN CI GARI

Misalinmu na ƙarshe daga Cadi yake, kuma ya shafi makiyaya irin waɗanda muka sani. Wajen shekara ta 2000 masu bincike na ƙasar tare da wata cibiyar nazarin cututtuka ta Basel a Suwizalan suka gano wani abin mamaki a tsakanin makiyayan yankunan Chari-Baguirmi da Kanem. Cikin yaran da aka duba ba a sami ko ɗaya da ya kammala allurar rigakafi ba, alhali kuwa shanun iyayensu da yawa an yi musu tasu. Dalili shi ne malaman dabbobi sun san burtali, sun san mashaya, sun san lokacin da ake sauka da lokacin da ake tashi, makiyaya kuma sun yarda da su. Sai aka haɗa ma'aikatan lafiya da malaman dabbobi a tafiya ɗaya. Daga 2000 zuwa 2005 aka riƙa fita tare, ana yi wa shanu allura a gefe, ana yi wa mata da yara a gefe. Mota ɗaya, mai ɗaya, kayan sanyi ɗaya, ma'aikatu biyu suka raba kuɗin. Ba a sayo wani sabon abin hawa mai ƙyalli ba. An dai tambayi wanda ya san hanya, aka bi shi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Mun san akwai mai cewa, ai ko ba komai guntun taimako ya fi babu, kuma tsohon da aka buɗe wa ido bai damu da wanda zai sayi mai baɗi ba. Wannan magana tana da gaskiya, ba mu raina ta ba. A lokacin ambaliya, ko girgizar ƙasa, ko gudun hijira, motar da ta zo ta yi wata uku ta tafi ta yi aikinta. Amma kuɗin duniya ba shi da yawa, kuma duk abin da aka kashe a kan motar da za ta tsaya baɗi, an hana shi ne ga ungozomar da za ta zauna a garin shekara ashirin. Haɗari mafi girma kuma shi ne gwamnati ta ga mota tana zuwa ta ɗauka an sauke mata nauyin gina asibiti. Zanen aro ba ya rufe katara.

Saboda haka muna roƙon 'yan'uwanmu, duk ranar da irin wannan takarda ta zo gabanku, ko aka miƙo muku faranti ana neman gudummawa, ku yi waɗannan tambayoyi kafin ku sa hannu. Wa ya nemi motar nan, mutanen wurin ne ko mai bayarwa? Wa zai sayi mai ya biya albashi a shekara ta biyu da ta uku, kuma an rubuta haka a kasafi? In ta lalace, wa zai gyara, kuma a ina za a sami kayan gyara? Sau nawa za ta dawo kowane gari, mutanen garin kuma sun san ranar? Wanda cutarsa ta fi ƙarfinta, wane asibiti za a kai shi, kuma da kuɗin wa? Daga ƙarshe, wane ɗan gari za a koya wa aiki kafin ta tashi? In an amsa waɗannan, to, a ba da kuɗi da hannu biyu. In kuwa ba a amsa ba, a mayar da takardar a ce a sake shiri, ko da mai bayarwa zai ji haushi. Wannan ba butulci ba ne, amana ce ta mutanen da ba su da wakili a ofishin.

Ga ƙungiyarmu kuma muna da shawara. In har za mu tara kuɗi don irin wannan aiki, kada mu ɗora wa kanmu sayen mota. Abin da ɗalibai za su iya tarawa ba zai sayi ko taya huɗu ba, amma zai iya biyan man fita goma na wata motar da ke aiki, ko kuɗin horar da ma'aikaci ɗaya. Ba za a rubuta sunanmu a jikin kome ba, amma jaririn da aka yi wa allurar farko zai sami ta biyu da ta uku.

Ya Shugaba, a nan za mu dakata, domin a bar lokacin tambayoyi.  Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya kuma ba mu ikon riƙe amanar da za a ɗora mana.